Wanda ya taɓa kallon Leprechaun: Back 2 tha Hood ya zo mu tattauna

Dan_Fagge84:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare ina kwashe tarkace a ɗakin soro sai na ci karo da kwalin tsofaffin faifaina, irin waɗanda ake cusa fim goma sha biyu a faifai ɗaya. A ciki na ga Leprechaun: Back 2 tha Hood na shekarar 2003. Na goge shi da gefen riga na saka, ya kuwa yi tun daga farko har ƙarshe.

Ga wanda bai san shi ba, fim ne na wani gajeren aljani mai koren kaya, duk wanda ya taɓa masa zinariyarsa sai ya bi shi har gida ya hallaka shi. Shi ne na shida a jerin, kuma na biyu da aka kai labarin unguwar baƙar fata a Amurka. Duk inda na leƙa a intanet kushe shi ake yi, wai wanda ya gabace shi, Leprechaun in the Hood na 2000 mai mawaƙin gambara Ice-T, ya fi shi nesa ba kusa ba. Ni kuwa da na sake kallonsa da idon girma sai na ga ba haka ba ne. Mutanen da ke cikin wannan na san irinsu. Ga Emily mai aiki a shagon gyaran gashi, tana son ƙaro karatu babu hali. Ga tsohon saurayinta Rory da ya faɗa sayar da ƙwaya. Ga Jamie ɗan wiwi da ake bi bashi. Rana ɗaya ƙasa ta rufta da Emily a wani kangon gini, ta tsinci akwatin zinariya, suka raba su huɗu da ƙawarta Lisa. Daga nan kowa halinsa ya fito.

Tambayata biyu ce. Wanne ya fi a wajenku, na 2000 ko na 2003? Kuma me ya sa idan ana kallonsa a taro dariya ake yi a daidai inda ake kashe mutum?

Gambara_Zalla:
Wa alaikumus salam. Yaya Ɗan Fagge, da girmanka, amma a nan ban bi ka ba. Na 2000 shi ne fim ɗin hip-hop na gaskiya. Labarin gaba ɗaya a kan waƙa aka gina shi. Samari uku, Postmaster P da Stray Bullet da Butch, suna son su yi gambara mai tsafta wadda ba zagi ba bindiga, su je gasa a Las Vegas. Mack Daddy, wato Ice-T, ya ce musu irin wannan waƙar ba ta kawo kuɗi, ya kore su. Suka fasa masa ofis suka sace sarewar aljanin, wadda in an busa ta duk mai sauraro hankalinsa ke gushewa ya bi ka. Ka ga ai magana ce babba aka ɓoye cikin wasa: mawaƙi ya sami abin da zai sa jama'a su so shi ko da waƙarsa ba ta da daɗi, sannan abin ya ci shi.

A na 2003 ina waƙar take? Sun rubuta sunan fim da lamba 2 da "tha" don ya yi kama da sunan faifan gambara, sun kawo mawaƙi Sticky Fingaz na ƙungiyar gambara ta Onyx sun ba shi ɗan ƙaramin matsayi a cikin 'yan daba, shi ke nan. Ni na ji an yaudare ni ranar da na fara kallonsa.

Maman_Ilham:
Ku kuna maganar dariya, ni wallahi ban yi dariya ba ko sau ɗaya. Ina aji biyu a ƙaramar sakandare yayyena suka saka shi a falo, aka hana ni tashi wai in koyi jarumta. Wurin da ya shiga gidan Lisa ya farke mata ciki da farce, sati guda ban iya shiga banɗaki ni kaɗai da dare ba. Har yau in na ga hoton fuskar nan mai tamoji da ruɓaɓɓun haƙora gabana faɗuwa yake.

Sadauki_Kd:
Ba shi ne wanda Snoop Dogg ya fito a ciki ba?

Gambara_Zalla:
A'a Sadauki, ka haɗa su ne. Na Snoop Dogg daban ne, Bones sunansa, 2001. A jerin Leprechaun, Ice-T ne a na 2000, sai mawaƙi Coolio da ya ɗan leƙo na ɗan lokaci, sai Sticky Fingaz a na 2003.

Baba_Projector:
Ɗan Fagge, tambayarka ta biyu ni zan amsa, don na riƙe gidan kallo shekara bakwai kafin ƙwallo ta cinye kasuwar fim. Rumfar kwano ce, benci tara, talabijin biyu, janareta a baya. Na saka wannan fim ya fi sau ashirin, kuma na lura da abu guda. In mutum uku ne a rumfar, shiru ake yi, kowa ya ƙura ido. In rumfar ta cika, tun aljanin bai gama fitowa ba an fara ihu. Mutum ba ya son a gan shi yana tsoro a gaban sa'o'insa, to sai ya riga tsoron da dariya.

Amma kuma masu fim ɗin da gangan suka yi. Akwai wurin da ya shiga gidan da ake shagali, ya zauna kusa da wani saurayi suka sha wiwi da doguwar kwalbar nan ta hayaƙi. Ya bugu har ya faɗi, ya tashi ya je yana laluben abinci a firji. A nan rumfa kan kaure, wasu har dukan benci suke. To a wannan zaman ne ya hango tsabar zinariyarsa a hannun yaron, ya ce ba ni, yaro ya ƙi, ya ɗauki kwalbar ya soke shi da ita a ciki. Dariyar ba ta gama sauka ba jini ya zo. Na sha ganin mutum bakinsa a buɗe yana dariya, sai ka ga ya tsaya cak ya waiga ya ga ko na kusa da shi ma ya daina. Wannan waigen shi ne fim ɗin a wajena.

Kuma ban taɓa saka shi wani ya nemi a mayar masa da kuɗinsa ba. Manyan finafinai masu tsada kuwa an sha tashi a bar min su.

Dan_Fagge84:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan waigen na san shi, ni ma na yi shi.

Hajiya_Bronx:
Bari in sa baki a matsayin wadda ta kwashe shekaru a cikin baƙaƙen Amurka, maƙwabtana ne, abokan aikina ne, 'ya'yana da nasu makaranta ɗaya. Fim ɗin nan yana ba ni haushi, duka biyun ma. Duba abin da aka tara a ciki: mai sayar da ƙwaya, ɗan wiwi, 'yan daba da bindiga, budurwa mai kwaɗayin da har ta narkar da zinariya ta yi haƙori. Da suka sami dukiya me suka yi da ita? Kashewa a kayan ƙawa da shagali. Yaro a Kano ko Maraɗi da bai taɓa ganin baƙin Ba'amurke ido da ido ba, in wannan ne abin da yake gani, me zai ɗauka?

Matar da ke ƙasana ma'aikaciyar jinya ce, aikin dare take yi, ranar Lahadi tun safe tana coci, 'ya'yanta biyu sun gama jami'a. Irinta sun fi 'yan daba yawa a unguwar nan, amma ba a saka su a faifai. Na taɓa tambayar ɗanta game da waɗannan finafinan, ya ce shi da abokansa sun kalla sun yi dariya, amma ba zai so ya kalla da Bature a gefensa ba, don bai san me Baturen ke yi wa dariya ba. Maganar nan ta zauna min a rai.

Dan_Fagge84:
Hajiya, maganarki gaskiya ce, ba zan musa ba. Sai dai ki tuna yadda fim ɗin ya fara. Wanda ya fara taɓa zinariyar limamin coci ne, Fada Jacob, kuma cibiyar matasa ya so ya gina wa unguwa da ita. Ya yi faɗa da aljanin, ya tura shi ƙarƙashin ƙasa, shi ma ya mutu a wurin, gini ya tsaya. Bayan shekara guda yaran unguwa suna gasa nama a cikin kangon da ya kamata ya zama wurin karatunsu da wasansu. Ni wannan hoton ya taɓa ni. Kuma Emily ba 'yar shaye-shaye ba ce, ita ce ta fara cewa a mayar da kayan mutane.

Hajiya_Bronx:
Na yarda da batun Emily, ƙanena. Mutum ɗaya ce dai a cikin taro.

Ɗan_Damagaram:
Ina son in gyara wani abu kaɗan. Kuna ta cewa aljani, to asalinsa a tatsuniyoyin mutanen Ayalan ba makashi ba ne. Ɗan ƙaramin tsoho ne mai ɗinkin takalma, mai wayo da rowa, yana ɓoye tukunyar zinariya a inda bakan gizo ya sauka. In ka kama shi zai yi maka alƙawarin dukiya, da ka kau da ido ya ɓace. Amurkawa ne suka mai da shi mai kisa a 1993. Shi ya sa a na farkon, in aka watsa masa takalma sai ya tsaya yana goge su ya bar bin mutane. A na 2003 sun ƙirƙiro masa wani tarihi da zanen katun a farko, wai wani sarki ne ya kira irinsu su tsare masa dukiya, da sarkin ya mutu duk suka koma sai shi kaɗai da son zinariya ya kama. A wajenmu gwaigwai ne ya fi kusa da shi a siffa, gajere mai ƙarfin da ya fi jikinsa.

Uwar_Biyu:
Kakata ta sha ba mu labarin tukunyar kuɗin aljanu da ake tonowa a tsohon kufai, wai duk wanda ya ɗauka sai ya rasa wani nasa ko ya zauce. Da na kalli fim ɗin ban ji baƙon labari ba ko kaɗan. Har mai dubar da ta gargaɗe su tun farko cewa dukiya za ta zo musu amma su ƙi karɓa, kamar a tsakar gidanmu aka rubuta.

Malam_Na_Zaure:
Tunda an zo nan, bari in ɗan tsakura. A fiƙihu an raba abin da mutum ya samu gida biyu. Akwai tsintuwa, wadda ke da mai ita, hukuncinta a yi cigiya shekara guda. Akwai kuma dukiyar mutanen da da aka binne tun zamanin jahiliyya, ita ake kira rikazi, ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar, saura na wanda ya samu. Abin da yaran nan suka tono shekara ɗaya kacal ya yi a ƙasa, kuma mai shi ya zo da ƙafarsa yana nema. Babu wata fuska da za a ce nasu ne. Sai kuma in ja hankali, zuwa wurin mai duba haramun ne a addininmu, kada don ta faɗi daidai a fim wani ya ɗauka hanya ce. Fim ɗin kuma akwai shan wiwi da kalaman batsa, bai dace a saka shi a gaban yara ba. Abin da ya sami Maman Ilham ya isa misali.

Maman_Ilham:
Na gode Malam. Nawa yaran ko hoton kwalin ba za su gani ba.

Kamera_Ta_Biyu:
Ni aikin ɗaukar hoto nake yi a masana'antarmu ta nan gida, don haka da wani ido nake kallon irin waɗannan. Na farko na 1993 jarinsa bai wuce kusan dala miliyan 1 ba, ya kawo sama da miliyan 8 a sinima, kuma a cikinsa Jennifer Aniston ta fara fitowa a babban matsayi kafin duniya ta san ta. Na biyu ma ya shiga sinima a 1994. Daga na uku, wanda aka yi a Las Vegas a 1995, kai tsaye kaset ake bugawa. Suka kai shi sararin samaniya a na huɗu, sannan unguwar baƙar fata sau biyu. Kamfanin Trimark ne ya faro su, daga baya ya narke cikin Lions Gate, su suka fitar da na 2003.

In ka san aikin za ka ga inda aka tsuke aljihu. Wurare kaɗan ne: shagon gyaran gashi, gidaje biyu uku, titi, sai kangon ginin da aka fara da shi aka kuma ƙare da shi. Yawancin faɗan da dare ne, duhu na rufe abin da kuɗi bai kai ba. Tarihin aljanin da zane aka ba da shi don ba za a iya gina fadar sarki da dawakai ba. Amma inda suka san ido zai tsaya, wato fuskar aljanin, nan suka zuba ƙoƙarinsu. Gabe Bartalos ne mai yi masa kwalliyar fuskar tun daga na farko. Mu nan sau da yawa akasin haka muke yi, a kashe kuɗi a hayar gida da mota, in an zo wurin aljani a shafa wa mutum hoda a ja masa baƙin kwalli a ce a ji tsoro.

Gambara_Zalla:
Kamera, tunda kai ma'aikaci ne, ka faɗi gaskiya, ba na 2000 ne ya fi rai ba? Ice-T ya zaro sandar duka daga cikin tulin gashin kansa fa. Kuma a ƙarshe aljanin da kansa ya hau dandamali ya yi gambara.

Kamera_Ta_Biyu:
Ya fi abubuwan tunawa, wannan na ba ka. Amma ta fuskar haske da ɗaukar hoto da tafiyar labari, na 2003 ya fi tsafta. Daraktocin ma daban ne, Rob Spera ya yi na 2000, Steven Ayromlooi ya yi na 2003.

Zee_Kumasi:
Abin da ya fi damuna a na 2003, sun rage masa magana mai amsa-amo. A na baya in zai yi kisa sai ya jero baiti mai ƙafiya kamar maroƙi, shi ne daɗinsa. To kun kawo shi unguwar da gambara ta yi ƙarfi, inda ƙafiya ita ce sarauta, sai kuma ku ɗauke masa ita? A nan ina bayan Gambara_Zalla.

Sadauki_Kd:
Ni ban taɓa ganin ƙarshensa ba. Wanda na saya a wajen wani mai tura faifai a baro, ana hawa saman gini ya daskare, na wanke shi da omo na shanya, a banza. Da na koma washegari mutumin ya ce bai san ni ba. Don Allah yaya aka ƙare?

Baba_Projector:
Wanda bai kalla ba ya tsallake wannan. Maganinsa wani ɗan ganye ne mai kunne huɗu, wanda Turawa ke ɗauka alamar sa'a. Sai aka gano akwai shi a gauraye cikin wiwin Jamie, Rory ya cusa shi cikin harsasai yana harbinsa da su. Mai dubar ta tsaya ta yi faɗa da shi da nata sihirin, ya kashe ta. A saman ginin Emily ta watsa zinariyar cikin ɗanyen siminti a ƙasa, aka tunkuɗa shi ya faɗa ciki ya nutse tare da dukiyarsa. Sai aka koma zane, aka nuna yana tono kansa yana fitowa. A rumfata nan ake tashi ana cewa akwai ci gaba ke nan.

Uwar_Biyu:
An yi ci gaban kuwa?

Kamera_Ta_Biyu:
An yi wasu biyu, 2014 da 2018, amma ba ci gaban wannan ba ne, kuma ba Warwick Davis, wanda ke fitowa a matsayin aljanin tun daga na farko, ba ne a ciki. Na 2003 shi ne na ƙarshe da ya saka koren kayan.

Ɗan_Damagaram:
Gara da ka ambaci sunansa. Mutumin nan ɗan Ingila ne, an haife shi a 1970, yana yaro ya fito a Star Wars a 1983, ya ja fim ɗin Willow a 1988, kuma shi ne Farfesa Flitwick a Harry Potter. Wato a shekarun da yake cikin manyan finafinan duniya ya dawo ya zauna aka manna masa roba a fuska don ɗan fim ɗin faifai. Ku duba yadda yake tafiya, yadda yake karkata kai in yana sauraron ƙaryar da ake yi masa, yadda yake lallashi da murya mai sanyi kafin ya fusata. Bai yi wasan da raini ba. Ina da ƙane mai irin halittarsa, na san abin da yake sha a titi wajen yara har da manya. Shi ya sa in ana kallo aka koma yi wa tsawon mutumin dariya maimakon abin da yake aikatawa, raina ɓaci yake.

Maman_Ilham:
Allah ya shirya mu. Wannan gaskiya ne, kuma tun a gida ake koya wa yaro.

Hajiya_Bronx:
Ɗan Damagaram, ka ga abin da nake faɗa ta wata ƙofar. Dariya iri biyu ce a fim ɗin nan, kuma daga waje ba ka iya bambance su.

Dan_Fagge84:
Na karanta duka, na ƙaru. Gambara, na sallama maka cewa in hip-hop ake nema na 2000 ne gidansa. Amma har yanzu wurin da ya fi tsaya min a rai yana cikin na 2003, wurin Chanel budurwar Rory. Ta saci tsaba ɗaya tak, ta kai aka narkar aka yi mata haƙorin zinariya, tana duba madubi tana murmushi. Da ya zo karɓar kayansa ba ta da yadda za ta miƙa masa, abin ya riga ya zama jikinta, sai ya cire har da muƙamuƙin. Lokacin da muka kalla muna samari ihu muka yi muna tafawa. Jiya ni kaɗai a soro ban yi dariya ba, tausayinta na ji.

Gambara_Zalla:
To Yaya, faifan naka akwai na 2000 a ciki? In akwai ka sake kallonsa shi ma kai kaɗai kamar yadda ka yi wa wannan, ka lura da Postmaster P daga farko zuwa ƙarshe, yadda yaron da ya ƙi waƙar bindiga ya koma. Sannan ka dawo mu yi magana.

Dan_Fagge84:
Akwai shi, shi ne na biyar a jerin. In an kawo wuta yau da dare zan saka.

Baba_Projector:
Ka kira mutum biyu uku ku kalla tare, Ɗan Fagge. Na 2000 ba ya kalluwa mutum ɗaya, na gwada.